Sunan Da Na Jawo Wa Gidanmu

Samari 'yan'uwana, ba zan gaya muku sunana ba, don ba shi da wani amfani a nan. Sunan gidanmu ne abin magana. Shi na ɓata, kuma shi nake nema har yau.

Ni ɗan manomi ne, daga wani ƙauye tsakanin Rimin Gado da Bagwai, inda gona take manne da gona, ba ka gane iyakar taku sai da layin gamba. A wajenmu babu daji, babu gonar da ake bari ta huta. Ƙasar da kakanka ya noma ita za ka noma, ka kai mata taki da rani, ta ba ka tuwo da kaka. Ni ne ɗan fari, kuma ni kaɗai ne namijin da ya rayu. Na yi allo, na yi firamare, na ɗan taɓa sakandare na ajiye. A lokacin ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. In aka ba ni jaki da mangala, kafin hantsi na yi sawu uku na taki.

Ana kiran gidanmu gidan Mai Kaura. Ba Baba ne ya raɗa wa kansa ba, gada ya yi. Akwai wata dawa kaura da kakana ya bar masa, gajeriya, mai kaurin kara, zangarniyarta a dunƙule kamar hannun mai shirin dambe. Tana nuna da wuri, ko ruwa ya ɗauke ba ta barin mutum da yunwa, ciyawar wuta-wuta ma ba ta cika cin ta ba. Tuwonta ruwan ɗorawa ne, in ya kwana aka ɗumama, har maƙwabta sun san an ɗumama. Duk kaka, kafin a kwantar da dawa, Baba yakan shiga gona da wuƙa ya bi layi-layi yana duba kawuna. Wannan ya taɓa ya wuce, wancan ya lanƙwaso ya murza tsaba ɗaya ya sa a haƙori. Wanda ya yi masa sai ya yanke. Yini guda yake yi kafin ya haɗa dami ɗaya. Wannan damin shi ne iri. A ɗakin girkin Inna ake rataye shi da igiya, saman murhu, hayaƙi ya kore masa ƙwari har ruwan shuka ya sauka.

Sau ɗaya tak ya shiga da ni wannan zaɓen. Ya miƙo mini wuƙar, na nufi wata doguwa mai ɗaukar ido, ya riƙe mini hannu ya ce ba ita ba, in duba ƙasanta tukuna. Ya yi ta bayani, ni kuwa hankalina na wajen ƙwallo da ake bugawa a filin makaranta. Na ce a raina ai baɗi ma rana ce, zan koya.

Baba ba ya sayar da iri. Duk wanda ya zo ya yi sallama da bazara, ko daga ina yake, zangarniya uku ake ba shi, ya yi wa masu iri addu'a, ya tafi. Mutane na zuwa daga Bagwai, daga Ungogo, wasu daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Tsakaninmu da mararraba bai fi jifa ba. In suka sauka sai su tambayi Sale mai faci, shi kuma ya nuna da sifana ya ce, "Ka ga ɗorawar can? Zauren da ke ƙarƙashinta, nan ne gidan Mai Kaura." Ina yaro in na ji haka sai kaina ya fasu, kamar ni na shuka ɗorawar.

Ƙwadago ne ya fara kai ni ga halaka. Gonarmu ba ta da yawa, in mun gama namu noman sai in bi samari mu yi wa masu hali huɗa da maimai. Akwai wani a cikinmu, Ɗanliti, siriri kamar sillen kara, amma in ya kama garma sai ya ba mu ratar kunya biyu, ga waƙa yana yi. Wata rana a gonar wani Alhaji, rana ta take, bayana ya ƙage, na zube a gindin darbejiya ina haki. Ya zo ya tsaya a kaina yana dariya.

"Ɗan Mai Kaura, yau tuwon gidanku bai yi maka rana ba." Ya ɓallo wani abu daga wata takarda mai ƙyalli. "Karɓi rabi. Maganin gajiya ne, a kemis ake sayarwa, ba wani abu ba ne."

Na karɓa na kora da ruwan jarka. Ranar na yi noman da ban taɓa yi ba. Mai gona ya yaba, ya ce lallai ɗan Mai Kaura ya gado ubansa. Na koma gida ina ta jin daɗin yabon, ban san ba ni aka yaba ba.

Rabi ya zama ɗaya, ɗaya ya zama biyu. Damina ta wuce, noma ya ƙare, ni ban daina ba. Da farko ina sha don in yi aiki, daga baya na koma yin aiki don in sha, can kuma aikin ya faɗi, shan ya tsaya da ƙafarsa. Ranar da ban samu ba, jikina kamar an bi ni da taɓarya, hanci na yoyo, kowa ya yi mini magana in ji kamar in shaƙe shi. Inna ce ta fara lura. Ita ba ta kiran sunana, kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "kai wannan". Ta ce, "Kai wannan, idon nan naka ba wanda na sani ba ne." Na ce zazzaɓi ne. Baiwar Allah ta tafasa ganyen darbejiya ta yi mini sirace.

Na fara da ƙwan zabinta. In ta tambaya, a ɗora wa gafiya. Daga nan sai kwanon gyaɗa, sai fartanya, sai buta. Gafiyar gidanmu ta sha zagi a shekarar nan.

Shekarar da babban abin ya faru, damina ba ta yi kyau ba, kafin bazara rumbunmu ya ga ƙasa. Awo muke yi kamar ma'aikata. A gidan kaf, kaurar da ta rage ita ce damin nan na saman murhu. Inna takan ɗaga kai ta kalle shi tana tuƙa tuwon masarar awo, amma ko da wasa ba ta taɓa cewa a taɓa shi ba.

Ranar wata Juma'a ce. Baba ya tafi masallaci, Inna ta shiga maƙwabta barka. Kwana biyu ke nan ban samu komai ba. Na shiga ɗakin girki neman abin ɗauka, tukwane ne kawai da muciya. Sai na ɗaga kai. Wallahi na daɗe a tsaye. Na ce wa kaina zangarniya goma kawai zan zare, ba wanda zai gane. Da na hau turmi na kwance igiyar, damin ya taho gaba ɗaya, ni kuma ban mayar ba. Na cusa shi a buhu, na bi ta bayan gida, ta cikin gonaki, har wajen wani mai awo a bakin titi. Bai tambaye ni komai ba. Ya sa aka bubbuge shi nan take, ya auna, ya juye a buhun dawarsa, ta gauraye da ta kowa. Abin da kakana da ubana suka yi shekara da shekaru suna zaɓa ya shige buhu kafin liman ya sallame. Abin da na samu kuwa bai kai ni Litinin ba.

Da na dawo washegari da hantsi, Baba na zaune a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Na shirya wa duka, na shirya wa zagi, har ƙaryar da zan yi na shirya. Bai ɗago ba.

"Na je wajen mai awon," ya ce. "An kai injin niƙa tun jiya."

Ya ci gaba da gyaran ƙotarsa.

"Da ka yi sallama ka tambaya, da na ba ka uku kamar kowa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Har ya bar duniya bai sake tayar da maganar ba, ni kuwa har yau ba ta bar kunnena ba.

Za ku ce ai sai ya je wajen waɗanda ya taɓa bai wa ya karɓo. Haka Inna ma ta ce. Amma ba ku san Baba ba. Mutumin da aka shekara arba'in ana sallama a ƙofarsa ba zai iya zuwa ƙofar wani ya ce a sam masa abin da ya bayar ba, balle a tambaye shi ina nasa ya tafi. Ya sayi iri a kasuwa ya shuka. Da masu neman iri suka fara zuwa, sai ya fito zaure ya ce, "Bana sai haƙuri." Ba ya ƙara komai. Amma ƙauye ne, kafin su koma mararraba an gaya musu sauran.

Ni kuwa tunda na iya wannan, babu abin da ya sake yi mini nauyi. Na daina zaman gida. Na gano 'yan jari-bola masu sayen tsofaffin ƙarafa, sai duk wani ƙarfe na garin ya zama nawa: garmar shanu, ƙyauren shagon da ba kowa, har hannun famfon tuƙa-tuƙa da gari ke shan ruwa. Kwana da kwanaki mata na tafiya rafi saboda ni, cikinsu har da Inna. A lokacin ne aka daina ce mini ɗan Mai Kaura. Ban san wanda ya fara ba. Na dai ji wata rana ana cewa, "Ku shigar da kayanku, ga ɗan ƙwaya nan." Har na waiga ina neman wanda ake nufi.

An kama ni da rana tsaka a fadamar bakin dam, da injin ban-ruwan wani mai tumatir a kafaɗa. Na sha dukan da har yau in sanyi ya sauko haƙarƙarina ke tuna mini. Daga wajen 'yan sanda sai kotu, daga kotu sai gidan yari a birni, shekara uku. Baba bai zo kotu ba. Kawu ne ya zo, ƙanen Inna, ya tsaya can baya.

Makonnin farko ba na son tuna su. Jikin da ya saba da ƙwaya in aka hana shi, a kanka yake ramawa. Wanda ya riƙe ni wani tsoho ne da muke kira Baba Direba. Ya shekara talatin yana jan babbar mota, Legas, Agadas, har Sudan ya ce ya taɓa kai kaya. Hatsari ne ya kawo shi, yana jiran shari'a. Shi ma ya sha tasa a zamaninsa don kada barci ya ɗauke shi a hanya, saboda haka bai ƙyamace ni ba. In na fara rawar ɗari sai ya lulluɓa mini bargonsa, ya zauna yana ba ni labarin hanya, rabi gaskiya rabi ƙari.

Da na fara dawowa hayyacina, sai kewar gida ta kama ni. Kewar ƙamshin ƙasa in ruwan farko ya sauka, kewar kukan jakinmu da na sha zagi, kewar hayaƙin ɗakin Inna mai sa ido hawaye. In aka kawo mana gabza, wato tuwon gidan yari, sai in rufe ido in tuna ɗumamen kaura da miyar kuka. Abin da nake riƙe da shi a raina shi ne, komai lalacewata, akwai wani gida a ƙarƙashin ɗorawa da ake kira gidan Mai Kaura. Ni na ɓaci, amma shi yana nan.

A shekara ta biyu aka kawo wani ɗan adaidaita sahu, rigima da fasinja ce ta kawo shi. Da na ji hanyar Bagwai yake bi, na matsa kusa da shi kamar na ga ɗan'uwa. Na ce ko ya san mararrabar Sale mai faci. Ya ce kullum sai ya tsaya a nan. Na ce to ni ɗan gidan Mai Kaura ne.

Ya yi tunani. "Mai Kaura? Ban san shi ba. Ta ina yake da gidan ɗan ƙwaya?"

"Wane gidan ɗan ƙwaya?"

"Na ƙarƙashin ɗorawa mana. Ai kowa da shi yake kwatance. Fasinja ya ce a sauke shi gidan ɗan ƙwaya, shi ke nan an gane. Wai wani yaron gidan ne ya sace har famfon gari."

Bai san da wa yake magana ba, ni kuma ban gaya masa ba. Na tashi na koma jikin bango. Dukan fadama bai yi mini ciwon wannan ba. Ina ta hango Baba zaune a zaure da fartanyarsa, adaidaita ta tsaya a ƙofarsa, a kira wannan sunan, yana ji.

Baba Direba ya ƙyale ni har la'asar, sannan ya zo ya zauna. Na gaya masa komai, har maganar damin. Na ce, "Baba, wai wa ya ƙirƙiro wannan suna ne?"

Ya ce, "Kai, ai ba ku kaɗai ke da shi ba. Duk garin da na sauke kaya sai na tarar suna da nasu." Sai ya shiga lissafo mini, da ma shi mutum ne mai son a tambaye shi. Ya ce Yarbawa amugbo suke cewa, wato mai zuƙar ganye, irin ɗan wiwi namu. Larabawa kuma mudmin, wanda ya lizimci abu ya kasa rabuwa da shi. Ya ce wannan ya fi kowanne ladabi, kamar likita ne ya raɗa. Mu nan kuma muna da ɗan sholisho, daga gam ɗin da masu faci ke liƙe taya da shi, har aka gano shaƙarsa. "Ƙwaya kuwa," in ji shi, "ta hatsi ce tun asali. Da maganin asibiti ya zo ƙanana-ƙanana aka ara masa sunan, ku kuma kuka ƙwace daga hannun marasa lafiya."

Ya ce akwai na Turawa, a bakin 'yan bokon Legas ya ji shi, wai janki. "Wani ɗan kwaleji da na rage wa hanya ya ce mini asalinsa tarkace ne, kayan bola. Wai can ƙasarsu ma masu sha tsofaffin ƙarafa suke bi suna tsinta, su sayar su sayi abinsu. Ko gaskiya ne, ko ya ga tsoho ne ya shirga mini, oho."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Ko Kaduna ban taɓa zuwa ba, amma ga shi wasu mutane a wata uwa duniya sun san ni, sun san hannun famfo da garmar shanu, har sun raɗa mini suna tun ba a haife ni ba. Ni da nake ganin wayona ne ya gano jari-bola.

"Amma ka san abin da na lura?" in ji shi. "Kowane yare, sunan ba ya tsayawa a kan mai shi. A Legas na ga an kira ƙarƙashin gada guda da shi. Na ga an kira lungu. Kai ka sha, amma uwarka ce za ta amsa shi a gidan biki."

"To yaya ake cire shi?"

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba. "Ni dai ban taɓa ganin an cire da baki ba. Me ya sa ake ce wa gidanku Mai Kaura?"

"Saboda kaura."

"To."

Ya ɗauki butarsa ya tafi alwala.

Saura wata biyar in fita Kawu ya zo ziyara. Tun daga yadda ya zauna na gane. Ya ce Baba ya rasu, kwana tara ke nan, ciwon kwana biyu. Na tambaye shi ko ya bar mini wata magana. Kawu ba ya ƙarya. Ya ce bai bari ba, sai dai ya ce kada a sayar da gona, kada kuma a cire igiyar da ke saman murhu. Na yi kuka a gaban gandurobobi da masu ziyara, ban ji nauyin kowa ba.

Da rani na fito. Na sauka a mararraba, Sale ya ɗago daga kan tayar da yake faci ya ce, "A'a, an dawo?" Na ce an dawo. Inna ta tsufa fiye da shekara uku. Ta dube ni ta ce, "Kai wannan, ka ci abinci?" Na durƙusa na nemi gafara. Ta ce ta yafe tun ban bar garin ba, amma in je maƙabarta in yi wa mai gidan addu'a. Da na leƙa ɗakin girki, igiyar na nan tana reto, ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ba komai a jikinta.

Abin da Baba ya kasa yi saboda mutunci, ni ba ni da mutuncin da zai hana ni. Inna ta tuno mini waɗanda suka taɓa karɓar iri, na ari keken Kawu na shiga bi ƙauye-ƙauye. Wani ya ce ya koma sabon iri na malaman gona. Wani ya fito da abin da ya kira kaurar Baba, ta gauraye da farafara har ba ta san kanta ba. Wajen Ungogo na je neman wata gona na tarar da gidaje da shaguna a kanta. Wani kuwa da ya ji daga gidan da nake, sai da ya shigar da kekensa cikin gida sannan ya amsa mini gaisuwa. Ban ga laifinsa ba.

Sai a wani ƙauye bayan Bagwai aka kwatanta mini wata tsohuwa, Iya Hurera, mijinta ya rasu, tana noma 'yar gonar bayan gida. Na yi sallama aka ce in shigo. Na same ta zaune tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe ta na faɗi abin da ya kawo ni.

"Daga wane gida?"

"Gidan Mai Kaura, Iya."

Ta ajiye gyaɗar ta ƙura mini ido. "Malam ɗa ɗaya gare shi namiji. Kai ne ɗan ƙwayar?"

Na sha jin sunan a bayana, amma ba a taɓa miƙo mini shi a fuska ana jiran amsa ba. Har bakina ya ɗauko cewa ni ɗan ƙanensa ne. Na haɗiye.

"Ni ne, Iya."

"Kai ka sayar da damin."

"Ni ne."

"Kana sha har yanzu?"

"Na bari, shekara uku da wani abu."

"Gidan yari ne ya bari, ba kai ba. Naka barin yanzu zai fara."

Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki. Ta daɗe, har na fidda rai. Sai ga ta da zangarniya uku, sun yi duhu da hayaƙi, a dunƙule. Tun kafin ta iso na gane su. Ta ce, "Uku ubanka ya ba maigidana, shekarar da na haifi autana. Ban taɓa yarda an shuka wata dawa kusa da ita ba. Ungo. Ba kai na bai wa ba, shi na mayar wa. Yi masa addu'a."

Na yi addu'ar a durƙushe. Na sa su cikin riga, a jikin fatata, na tuƙa keke har gida ban tsaya ko shan ruwa ba. Inna ta murza tsaba ɗaya ta sa a haƙori, yadda Baba yake yi. Ta hau turmi da kanta, da tsufanta, ta ɗaure su a igiyar.

Zangarniya uku ba ta cika gona. Shekarar farko layi kaɗan na shuka a tsakiya, nesa da dawar maƙwabta, ba mu ci ko tsaba ɗaya ba. Ta biyu, rabin gona. A ta uku muka ci tuwonta. Inna ta kai loma ɗaya, ta ajiye, ta shige ɗaki. Duk kaka in na shiga zaɓen iri da wuƙar Baba, nakan tsaya a gaban kai biyu in rasa wanda zan yanke. Na tuna ya ce in duba ƙasanta tukuna, amma me zan duba a ƙasan, wannan bayanin ƙwallo ta cinye shi. Sau nawa nakan juya kamar zan tambaye shi.

Ba zan ce muku sha'awar ƙwaya ta mutu ba. Ranar huɗa in bayana ya ƙage, har yanzu nakan ji ɗacinta a maƙogwaro. Ɗanliti yana nan, yana yawo a kasuwa ba takalmi, yana magana shi kaɗai. In abin ya taso mini sai in nemi inuwa in zauna kamar kowane ɗan Adam, a ba ni ratar kunya biyu, ba komai.

Bazarar da ta wuce ina zaure ina ɗinkin mangala, na ga wani dattijo ya sauka a mararraba. Na ji yana cewa Sale, "Don Allah ina ne gidan Mai Kaura? An ce irin ya dawo."

Na tsayar da basilla. Sale ya ɗaga sifana ya nuno. "Ka ga ɗorawar can? Gidan ɗan..." Sai ya hango ni a zaure. Ya sosa ƙeya. "Nan ne dai. Ka je, yana nan."

Bai faɗi wancan ba, bai kuma faɗi wannan ba. Iyakar inda na kawo ke nan.

Dattijon ya yi sallama, na shimfiɗa masa tabarma, na shiga na zaro uku. Ya jujjuya su ya ce mahaifinsa ya taɓa noma irinta, ya tambayi abin da zai bayar. Na ce ba a sayarwa, addu'a ake yi wa masu iri. Ya yi. Da zai tafi ya ce, "In an tambaye ni a garinmu, in ce daga wajen wa?"

"Ka ce daga gidan Mai Kaura."

"Kai ne Mai Kauran?"

"A'a, ya rasu. Ni ɗansa ne."

Samari, ga abin da zan gaya muku. Wanda zai miƙo muku rabin nan ba maƙiyi ba ne, abokin aiki ne, da dariya zai miƙo, kuma ranar farko za ku ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Kada ku karɓa. Ku gaji, ku zauna a inuwa, a yi muku dariya, gajiya ba ta taɓa kashe kowa a gonakin nan ba. Ku tuna sunan da ake kiran gidanku da shi, ku tuna wanda ke zaune a zauren. Ni na ɗauka jikina kawai nake ci. Shari'a ta yanke mini shekara uku na gama, Inna ta yafe, ina kuma fatan Allah ya karɓi tubana. Amma Baba ya zauna yana jin ana kiran ƙofarsa da sunan da na jawo, ya rasu bai ji an daina ba. Wannan kam babu kaurar da zan shuka ta gyara shi.

Har yanzu 'yan adaidaita gidan ɗan ƙwaya suke cewa. In na ji an tsaya, nakan yi sauri in fito in amsa, don kada ya kai kunnen Inna. Damin bana yana saman murhu. Mai so ya zo da bazara ya yi sallama, uku ne rabonsa. In kun sauka a mararraba, don Allah ku tambayi gidan Mai Kaura, ku ɗan ɗaga murya yadda Inna za ta ji.